Zaman jego a Lesta

Yaya ce ta kamata ta je Ingila zaman jegon 'yarta, to amma yarinyar 'yar farinta ce, ita kuwa Yaya irin mutanen da ce, har yau ba ta kama sunanta a baki. Ta ce ina ita ina tsayawa a kan naƙudar 'yar fari, a ƙasar da aka ce har miji shiga ɗakin haihuwa yake yi? Sai abin ya faɗo kaina, ni ƙanwarta, tunda dama a hannuna yarinyar ta yi rabin tashinta, ga shi na ajiye aikin koyarwa, ba ni da wani uzuri.

Akwatunana kusan duk kayan jego ne: garin kunu, jar kanwa, kimba, citta, kanumfari, masoro, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da aka ƙulle leda kan leda, da yajin jego da wata maƙwabciya ta daka da hannunta. Kilishi da man shanu kuwa a tsakar gida muka baro su, don surukin namu ya yi ta jan kunne a waya cewa Birtaniya ba ta yarda matafiyi ya shigo mata da nama ko abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu. Yaya ta dubi kwanon man shanun ta ce, "To da me za ta yi ƙwari?"

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka bi ta Alƙahira, muka sauka Landan, daga nan jirgin ƙasa na awa ɗaya da 'yan mintuna ya kai mu Lesta, garin da samarinmu suka sani tun da ƙungiyar ƙwallonsa ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. Watan Disamba ne na 2024. Kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi, sanyin kuwa ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe, wannan jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake shiga. Abin da ya sanyaya mini rai unguwar da suke zaune: masallatai birjik, mahauta masu naman halal a kan titin Evington, Indiyawa da Somaliyawa da 'yan Pakistan, mata da hijabinsu suna tura 'ya'ya a keke ba mai kallon wani.

Na samu awon ciki na ƙarshe-ƙarshe, na raka ta. Ba likita ta gani ba, ungozoma ce, don a can mace mai lafiyayyen ciki tana iya yin wata tara ta haihu ba ta zauna gaban likita ba. Ungozomar tasu digiri gare ta, kuma ita ke da alhakin mai cikin sai in wata matsala ta ɓullo. Mai cikin fari ana tsara mata awo goma, da hoton ciki sau biyu, ɗaya wajen mako 12, ɗaya wajen mako 20. Kowane zuwa sai an gwada jini ko ya hau, an duba fitsari, an sa awo an auna tsayin cikin, an rubuta. Ba ta biya ko kwabo a wurin ba, maganin da aka rubuta mata ma kyauta ne har shekara guda bayan haihuwa, har da ganin likitan haƙori. Amma kada a ce banza suka samu. Surukina ya ce kuɗin lafiya da ake haɗa wa baƙo da biza fam 1,035 ne a shekara ga kowane mutum, ban da harajin da ake zara a albashinsa.

Ana cikin awon sai ungozomar ta ce mu ɗan ba su wuri, ni da mijin. Na fita ina jin haushi, me za a faɗa wa 'yata da ni ba zan ji ba? Daga baya ta gaya mini: tambayarta aka yi ko akwai mai dukanta ko tsorata ta a gida, da kuma yadda take ji a ranta, ko tana yawan baƙin ciki. Kowace mai ciki ana yi mata. Tun a awon farko ma an tambaye ta ko an taɓa yi mata kaciya, aka shaida mata cewa in mace ta haifa, taɓa wa jaririya gaba laifi ne mai kai mutum kurkuku. Na tuna wanzamanmu da suke zuwa cire beli da angurya da kaya a zabira, ba mai tambayarsu komai.

Naƙuda ta zo da daddare. Na farka na same ta durƙushe a falo, ta riƙe hannun kujera, zufa na ɗiga daga haɓarta a cikin wannan sanyi, ko tari ba ta yi. Mijin ya kira lambar da aka ba su. Ta can ɓangaren ta ce ita mai naƙudar take so ta ji. Ashe dabararsu ke nan: su ja mace da hira, su saurari muryarta, in ciwon ya taso ta kasa magana sun san abu ya yi nisa. Ita kuwa 'yar tawa, tarbiyyar Kano, ta gaishe ta cikin ladabi, aka ce yaya ciwon, ta ce da sauƙi. Da ciwon ya murɗo sai ta cije gefen mayafinta ta yi shiru, ya lafa ta ci gaba da amsawa. Aka ce ta sha farasitamol, ta shiga ruwan ɗumi, cikin fari ba ya sauri, ta sake kira in ciwon ya riƙa zuwa kusa-kusa.

Ni na haihu, na kuma tsaya a kan haihuwar mata da dama. Na dubi yadda ta danne yatsun ƙafarta a kan kafet, na ce wa mijin, "Malam, ɗauko mota."

Ya ce, "Inna, ai sun ce mu jira."

Na ce, "Su muryarta suka ji, ni ƙafarta nake gani. Ɗauko mota."

A asibitin ma sai da muka zauna a wurin tantancewa. Wata Baturiya da ta zo bayanmu tana ihu tana zagin mijinta, ita aka fara shiga da ita. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, kowa ya dubi su biyun zai ce waccan ce a bakin haihuwa. Da aka zo kanmu aka duba, sai na ga fuskar ungozomar ta canza. Bakin mahaifa ya buɗe santimita takwas cikin goma. Ta ce mata, "Me ya sa ba ki faɗa ba?" Yarinya ta dube ni, na dube ta. Me za mu ce? Mu ne muka koya mata. Tun tana ƙarama take jin ana gorin wance ta yi raki a naƙuda, har maƙwabta suka ji. A wurinmu mace ta gari ita ce wadda za ta shige ɗaki ta ja ƙofa, sai dai a ji kukan jariri, sannan a aika a kira ungozoma ta yanke cibiya. Ana yabon wannan dauriya, ni ma na yaba, an kuma yabe ni a kanta. Amma dauriyar nan ce ke sa mace ta kwana biyu ɗa ya tokare ba wanda ya sani, sai an kai ta asibiti ɗan ya mutu, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Murtala, ko Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke mata, ya san yawancinsu yara ne masu cikin fari.

A Ingila ma shirun baƙar mace ba ya yi mata rana. Suna da wani kwamiti, MBRRACE, mai bin diddigin kowace mace da ta mutu a kan ciki ko haihuwa a ƙasar, kuma rahotonsa na 2018 ya nuna baƙar mace ta ninka Baturiya sau biyar wajen haɗarin mutuwa. Tazarar ta ragu daga baya amma ba ta rufe ba. Matan Afirka da na zauna da su a Lesta kusan bakinsu ɗaya: in kin yi shiru a ce lafiyarki ƙalau, in kin ɗaga murya a ce kin cika rigima.

Da aka gane inda take kuwa, sai aiki ya tashi haiƙan. Ɗaki guda ita kaɗai, da banɗakinsa, da ungozoma ɗaya da ba ta da wata mai naƙuda sai ita. Aka miƙo mata wani bututu ta riƙa zuƙar iskar rage zafi, aka ce akwai allurar baya mai kashe ciwon daga ƙugu zuwa ƙasa amma lokacinta ya kusa ƙurewa, akwai kuma kwarmin ruwan ɗumi in tana son haihuwa a ciki. Komai sai an tambaye ta: in taɓa ki? in duba ki? kin yarda a yi miki allura? Har abin ya fara ba ni dariya, mace na fama da ranta ana neman izininta. Amma na tuna wani ɗakin haihuwa da na taɓa raka ƙanwar maigidana a gida, mata huɗu a jere ba labule, ma'aikaciya ɗaya tana zagaya su tana daka tsawa, har da ɗaka wa ɗaya duka a cinya wai ta buɗe. Dariyar ta koma ciki.

Mijin yana tsaye wajen kanta, duk ya rikice, ya rasa inda zai sa idonsa saboda ni. Na juya fuskata bango ina ta Ya Hayyu Ya Ƙayyumu. Gab da asuba Allah ya sauke ta lafiya, mace. Ba a wanke jaririyar ba, aka goge ta sama-sama aka kifa ta a ƙirjin uwar, fata da fata, aka ce ta ba ta nono nan take. Dakashin nan da kakanninmu ke matsewa su zubar wai yana da dafi, shi suke lallaɓawa kamar zinariya. Uban ya sunkuya ya yi mata kiran salla a kunne, ungozomar ta ja da baya ta ba shi wuri, da alama ta saba gani.

Abin da na fi zuba wa ido shi ne jini. An yi mata allura a cinya don mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta faɗo, ungozomar ta shimfiɗa ta a faranti ta juya ta gaba da baya ta tabbatar ba abin da ya saura a ciki. Sannan ta tattara duk ƙyallen da audugar da suka jiƙe ta ɗora a sikeli, ta rubuta lamba. Ba ta tsaya cewa "jinin da ɗan dama" ko "ba shi da yawa" ba. Ta tambaye mu ko za mu tafi da mabiyiyar gida, tunda wasu suna so. Na so in karɓa in wanke in binne yadda aka saba, to a ina? Gidan haya ne a hawa na biyu, ko taki ɗaya na ƙasa ba su da shi. Muka bar musu.

Sai ga abincin mai jego ya iso: shayi kofi ɗaya da gasasshen burodi yanka biyu. Na ce ikon Allah, ƙasa mai wannan arziki! Ita kuwa ta cinye tas tana cewa ba ta taɓa cin abu mai daɗinsa ba.

Ɗakin da aka mayar da ita bayan haihuwa wani labari ne daban. Gadaje a jere da labule tsakani, jarirai na ta tsala kuka, ma'aikata biyu-uku suna ta gudu, a danna ƙararrawa a daɗe ba a zo ba. Mace mai ɗinki ita za ta lallaɓa ta ɗauko abin karyawarta. Masu aiki sun yi musu kaɗan, su ma suna faɗa da bakinsu, kuma jaridunsu ba su ɓoye ba: a 2022 wani bincike da Donna Ockenden ta jagoranta a asibitocin Shrewsbury da Telford ya gano jarirai sama da 200 da uwaye tara da ƙila da sun rayu in da an kula da su yadda ya kamata. Matar gadon kusa da mu fiɗa aka yi mata, ta gaba da ita ma haka. A Ingila yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na haihuwa ta fiɗa ce. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 3 ne kacal a Najeriya, kuma a Arewa maso Yamma mace 16 cikin 100 ce ke haihuwa a asibiti. Nasu ya yi yawa a ganina, namu kuwa ba jarumta ba ce, waɗanda suka buƙaci fiɗar ba su samu ba suna maƙabarta. Washegari aka sallame mu, bayan an tabbatar akwai kujerar jariri a mota.

A gida na ɗaura ɗamarar abin da ya kawo ni. Babu tukunyar ƙarfe, babu itace, babu ganyen darbejiya ko runhu. Banɗakin ɗan tsut, in na shiga da ita da bokiti sai dai ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa. Na tafasa ruwa a butar lantarki ina juyewa, na naɗe tawul na riƙa gasa mata jiki. Ranar da na kunna garwashin turaren wuta kuwa sai wata na'ura a silin ta ɗauki ƙara, surukina ya fito a guje yana kaɗa mata tawul, ya roƙe ni don Allah in bari kada maƙwabta su kira 'yan kwana-kwana. Na dama kunun kanwa, na yi farfesun ƙafar sa da na samo wajen wani mahauci ɗan Somaliya, na barbaɗa yaji.

Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce da jaka a kafaɗa, ta cire takalmi ba a ce ta cire ba. Ungozomar unguwa ce. Ba mu kira ta ba, sunan yarinyar ne ya fito a takardarta cikin waɗanda aka sallama jiya. Ta wanke hannu, ta tuɓe jaririyar ta duba idonta da fatarta ko akwai shawara, ta duba cibiya. Ta ga na tanadi tsumma zan gasa, ta ce a'a, a bar ta ta bushe da kanta, kada a shafa komai. Ta ga kwalli a kan tebur ta ce wasu suna da dalma, kada a sa mata. Ruwa ma a'a, zuma kuwa sai ta shekara. Ta ɗaga bargunan da na lulluɓa mata ta cire biyu, ta ce a kwantar da ita rigingine a gadonta, ɗakin kada ya wuce awo 20 na zafi. Na yi gum ina kallon yarinyar da ban tabbata ta taɓa haihuwa ba tana koya mini raino.

Sannan ta juya kan uwar. Ta ce an rubuta cewa jininta ya ɗan hau lokacin naƙuda, bari ta gwada. Ta ɗaura abin awo, ta duba, ta yi shiru, ta sake gwadawa a ɗaya hannun. Sai ta ja kujera ta zauna daf da ita ta ce, "Kanki yana ciwo?"

"Kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da daddare."

"Kina ganin wani abu kamar walƙiya a idonki?"

Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce e. Ɗaki ɗaya muka kwana da ita, ba ta ce mini uffan ba, wai kada ta tayar mini da hankali. Jinin ya haura 160. Nan take matar ta buga waya, ta ce mu koma asibiti yanzu, ba anjima ba. Kafin ta fita ta leƙa kofin kunun ta tambayi abin da ke ciki, na yi mata bayanin kanwa gwargwadon Turancina. Ta ce duk abin da ke da gishiri-gishiri a ajiye shi tukuna. Aka riƙe yarinyar a asibiti, aka ɗora ta a kan magani har jinin ya sauka.

A daren na kira wani ɗan'uwanmu likita a Kano, na karanta masa abin da aka rubuta. Ya ce, "Inna, wannan ai ita ce hanyar jijjiga. Da a gida ne sai ta faɗi tana taune harshe, a ce iska ce ta buge ta, a tafi neman hayaƙi." Ya ce mutane sun ɗauka in an haihu an tsallake, alhali tana kama mace kwanaki bayan haihuwa. Maganinta kuma ba tsada, wata allura ce, magnesium sulphate, wadda da aka shigar da ita asibitocin jihar Kano goma a 2008, mutuwar masu jijjiga ta faɗo daga kusan ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da uku cikin ɗari. Na tambaye shi batun kanwa. Ya ce tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a matan yankin, suka ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano bai ga alaƙar ta yi ƙarfi haka ba, ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki. "Amma dai," in ji shi, "mai hawan jini ba ta shan kanwa, ko a Lesta ko a Fagge." Na mayar da kanwar akwati, na koma kunun gyaɗa da na tsamiya. Wankan kuwa ban fasa ba, na dai rage zafin ruwan, ita ma ta ce yana sake mata jiki.

Wani zai ce ai Ingila ce, kuɗi ne. Akwai kuɗi a ciki, ba musu. Amma abin da ya ceci yarinyar nan abin awon jini ne irin wanda ake sayarwa a kowane kemis a Sabon Gari, da takarda da aka rubuta abu a kai, da mutum guda da aka ɗora wa nauyin ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma na ga irin wannan tunani a inda ba kuɗin. Shekarun baya na je Maraɗi, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, barkar wata 'yar dangin maigidana. Ɗakin haihuwar da ta sauka bai kai na wasu ƙauyukanmu kyau ba, fanka ɗaya, gado mai tsatsa. Amma sajfam ɗin, kamar yadda suke kiran ungozomar asibiti, ta nuna mini wani zane da suke shimfiɗa wa mai haihuwa: in ya jiƙe sharkaf, jini ya kai wajen rabin lita, ba sauran gardama, sai ƙwayoyin tsayar da jini a ƙarƙashin harshe, in bai tsaya ba a sa wata 'yar roba a hura ta cikin mahaifa ta danne, a naɗe mace da wata riga mai matse ƙafafu da ciki a ɗauke ta zuwa babban asibiti. Nijar ta baza wannan tsari a faɗin ƙasar tun wajen 2014, kuma mutuwar mata ta zubar jini a asibitocinta ta ragu da fiye da rabi. Fiɗa ma sun ce kyauta ce tun tsakiyar shekarun 2000, ko da yake dangin sun yi dariya da na faɗa, suka ce kyauta ce ranar da akwai kaya, ranar da babu a miƙo maka takarda ka nufi farmasi da jikkunanka. Mu sai a Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da fiɗa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A Damagaram kuma aka fara abin da suke kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da kai mata asibiti, don sun gane mace ba ta fita sai da izinin miji da kuɗin motarsa.

Inda Ingila ta ba ni tausayi shi ne bayan ungozoma ta rufe takardarta. A rana ta biyar an zo an tsaga dundunniyar jaririya an ɗebi jinin gwaji, wajen kwana goma aka miƙa su ga wata ma'aikaciyar lafiya mai kula da yara, da jan littafin da za a riƙa rubuta nauyi da rigakafi. Daga nan shi ke nan. Hutun miji mako biyu ne, ya koma aiki. Ita uwar doka ta ba ta har mako 52, ana biyanta wani abu a 39 daga ciki, abin da ma'aikaciyar gwamnatin tarayya a gida za ta ji kamar tatsuniya. Amma hutun a cikin ɗaki take yinsa ita kaɗai. A ƙasan benenmu akwai wata Baturiya da ta riga mu haihuwa da kwanaki. Ina ganinta ta taga tana jan keken jariri da hannu ɗaya, ledar cefane a ɗaya, idanu sun faɗa. Ba uwa, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za ta karɓi ɗan ta ce je ki runtsa. Na zuba farfesu a kwano na sa aka kai mata. Ta hawo da kanta ta dawo da kwanon, ta tambayi 'yar tawa wai da gaske ne kwana arba'in ba za ta taɓa girki ba? Da aka ce mata e, sai ta fashe da kuka a tsaye a bakin ƙofa. Na zaunar da ita na karɓi yaron, ta yi barci a kujerarmu har la'asar.

Suna kuwa biyu aka yi. Ba a yanka a gida a can, don haka raguna a Kano aka yanka, aka raɗa suna a ƙofar gidan kakanta bayan asuba, muna kallo ta WhatsApp, maroƙi na ta kwarara kirari cikin waya. Mu kuma muka yi odar nama wajen mahauci, muka yi taro a wani ɗan zaure da ake haya kusa da masallaci bayan uwar ta warware. Hausawan Lesta da na Nottingham da Birmingham suka zo, da 'yan Nijar, da wata 'yar Kumasi da ta kawo waina.

A wurin na haɗu da wata mata 'yar kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, ungozoma ce a wani asibiti a can. A gida ta yi karatu, ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a wani asibitin ƙaramar hukuma, wani lokaci da fitilar waya a baki. Ta ce a zamanta na Ingila ba ta koyi wani aikin hannu da ba ta iya ba, hasali ma takan ga abin da abokan aikinta ba su taɓa gani ba sai a littafi. Ta ce ko awon jinin da ya zuba bayan haihuwa, wanda na gani ana yi da sikeli, ai da matanmu aka tabbatar da amfaninsa: wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2023, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, haɗe da ba da magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba, ta rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Na ce to me ya fito da ke? Ta ce albashin wata biyar da ta bi, da wata mata da ta mutu a hannunta ana neman wanda zai ba da jini. Ta ce a ajinsu na makarantar ungozoma, waɗanda ke Ingila da Saudiyya yanzu sun fi waɗanda suka rage.

Da ta ji na kusa komawa, ta ce in ba zan damu ba tana da saƙo. Ana jibi zan tashi ta zo da kwali: na'urorin awon jini guda shida masu batir, da fitilun goshi, da sunan wata abokiyar aikinta a rubuce a jiki. Dole na rage kayan tsaraba kafin ya shiga akwati. Da na sauka Kano na ba direban motar Kafanchan a tashar Unguwa Uku, na kira matar na gaya mata lambar motar.